Sunan Ɗan Inna Rabi

Ƙamshin gahawa da ake soyawa a kan garwashi nake fara ji duk sanda ranar ta dawo mini, kuma ba ta taɓa yin nisa da ni ba. Ina shekarata ta biyu a aikin yaƙi da jahilci, ina koyar da mata a wani kambo kusa da garin Hajj Abdalla. Ga ƙannenmu da suka tashi a birni, kambo unguwar leburorin gona ce a bakin babbar hanyar ruwa. Ajinmu rumfar kara ce. Ɗalibaina 'yan uwanmu Hausawa ne, suna zuwa bayan azahar daga ɗibar auduga, yatsunsu a tsattsage, wata sai ta riƙe alli ya suɓuce.

Tsarin aikin shi ne duk Alhamis in kai rajista ofis wurin Ustaz Abdurrahim, mai duba azuzuwan yankin. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kuma sa hannunsa ake jira. Wata Alhamis ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Gayyata ce daga ƙasar waje: mutane a ko'ina cikin duniya za su zauna shiru na kwata guda, wato minti goma sha biyar, a lokaci ɗaya, suna fatan zaman lafiya. Mai so ya shigar da sunansa da garinsa.

"Ke mai son waƙoƙi, ga irin naki," in ji shi. "Shigar da ajinki, zai yi kyau a rahoto. Amma sunayen da ke rajista kawai. Abu ne mai fita waje."

A mota ina ta hango shirun yana zagaya duniya kamar ruwa in an buɗe shi, yana shiga gona bayan gona. Da na kai wa mata labarin, Hajja Asabe, babbarsu a shekaru da baki, ta sauko da ni ƙasa.

"Shiru, Ustaza? Mu da ko gidan makoki ba mu iya ba?"

"Ana raba sukari?" wata ta tambaya daga baya.

Na ce babu. Suka ce a tambayi liman. Liman ya ce shiru ba haramun ba ne, kowa ta riƙe istigfari a zuci. Duk suka yarda, ina jin don sun ji akwai zama a ciki.

Da aka watse Inna Rabi ta tsaya. Ita ce ta fi kowa jinkirin karatu, ba ta kuma taɓa fashi ba. Ɗanta Usman an ɗauke shi hidimar ƙasa ta aikin soja, aka kai shi yaƙin kudu, kuma kambo duka ya san shekara biyu ke nan ba wasiƙa, ba labari.

"Ɗiyata, sunan da aka rubuta, duniya duka ka ganinai?"

"Duk wanda ya buɗe shafin, Inna."

"To cire nawa, ki sa na Usman."

Na zaci neman sa take yi. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani a hankali cewa mutanen nan ba sa neman ɓatattu, ba za su aiko da amsa ba, zama ne kawai.

"Na jiya," ta ce. "Rubuta dai."

Na rubuta shi da fensir a ƙasan takarda. Alhamis Ustaz ya bi jerin da bakin alƙalami, ya tsaya.

"Wane ne wannan? Namiji a ajin mata?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya shafa idanu.

"Ya Zainab, sunan soja za ki aika waje daga kwamfutar ofis? In an zo tambaya, me zan ce? Goge shi. Halas, magana ta ƙare."

Ba mugu ba ne. Ya gaji ne, kamar kowa, kuma yana da iyali. Da lokacin fatur ya yi, wato karin kumallon hantsi da ofis duka ke fita ci, ya bar ni ina shigar da sunaye. Layin waya yana yankewa, ina sake haɗawa. Na gama na matan, har da na Inna Rabi, don ban ga dalilin cire shi ba. Na daɗe ina kallon akwatin rubuta suna da ba komai a ciki. Ina tsoron Ustaz, ina kuma tsoron in sa wa tsohuwa rai a abin da babu. Sai na tuna ta ce ta ji. Na buga sunan, na aika, na fitar da shafin a takarda.

Ya dawo ya gani. Bai ɗaga murya ba. Ya rubuta takardar gargaɗi ya sa a fayil ɗina, kuma saboda ita tabbatar da ni ya ƙara shekara. Ba wanda ya taɓa zuwa tambaya.

Ranar zaman, lokacin ya faɗo dab da la'asar. Hajja Asabe ta kawo kaskon gahawa, wai don kada a yi barci. Muka shimfiɗa tabarmi, na ajiye agogona a kan allo, na ce bismillah. Kafin gahawar ta gama soyuwa Hajja ta fara minshari. Sai ta kusa da ita ta jingina da kafaɗarta. Cikin minti biyar ajin duka ya kwanta a zaune, auduga maƙale a gyalensu. Na so in ji haushi, ban iya ba. Tun da na san su ban taɓa ganin hannuwansu a sake ba.

Inna Rabi kaɗai ke farke. Takardar tana kan cinyarta, da haruffan boko da ba ta sani ba, don da haruffan Larabci muke karatu a aji.

"Wanne na?" ta raɗa.

Na kama yatsarta na ɗora a kan layin. Ba ta ɗaga ba har kwatan ya cika. Daga baya ta naɗe takardar ta ɗaure a bakin zane, ta tashi matan, suka tafi ɗaukar ruwa.

Abin da nake gaya wa sabbin malamai shi ne, matan nan sun san abin da ya kawo su aji fiye da yadda muka sani. In ɗaya ta roƙi a rubuta mata abu, a faɗa mata gaskiyarsa, sannan a bar mata hukunci.

Bayan shekaru da yawa na haɗu da 'yarta Halima a kasuwar Rufa'a, ta ce mini Inna ta rasu. A ciwon ajalinta ne ta faɗa musu cewa wani abokin Usman ya same ta a gona, wata uku kafin zamanmu, ya shaida mata da hannunsa ya binne shi. Ba takarda, ba alamar kabari. Ranar da ta ce in rubuta sunan, ta riga ta sani.