Rijiyar da Muka Cika da Tulu

Hoto ne ya tono mini wannan magana. Lokacin kullen korona na dawo daga asibitin da nake aiki, na shiga gidanmu na Al Wakrah, a ƙasar Larabawa inda muke zaune, ko takunkumi ban cire ba autata ta tare ni da waya. An ba su aikin makaranta a kan wani ɗan majalisar Amurka da cutar ta ɗauke. Wai rayuwarsa kaf a hidimar jama'a ta ƙare, tun yana kansila, har ruwa ya kai ƙauyukan Afirka. Ƙarƙashin yabon da aka rubuta masa ga shi nan da ƙuruciyarsa riƙe da guga, wata yarinya mai giɓi tana washe baki a gefensa.

Ni ce yarinyar. Rijiyar kuma Babana ne ya haƙa ta.

Haƙar rijiya ce sana'ar Baba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya barin jikinsa, ko ranar Juma'a. Da bazarar shekarar nan, a ƙauyenmu, ya yi nisa da haƙa, bai tarar da ruwa ba, bai kuma ɗaure bangon ba, sai ga saƙo daga hukuma: baƙon da ƙasarsa ta ɗauki nauyin aikin zai zo jibi ya ɗebi ruwan farko. Mai unguwa ya ce abin kunya ne baƙo ya jefa guga ya jawo yashi, don haka a cika ta daga rafi.

"Ranka ya daɗe, bangon ɗanye ne," in ji Baba. "In ya sha ruwa zai zube."

"Haba, kwana ɗaya ne fa."

Haka muka wuni, mata da yara, muna jido da tulu muna tuttulawa. Wallahi da murna na yi, har gasa muke. Sahu bakwai na yi, kuma har yau ina ƙirga su.

Baƙon ya zo, rana ta mai da fuskarsa jawur. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Da aka zo hoto, tafinta ya dubi taɓon da ke jikin Baba ya ce ya ɗan matsa. Ni aka jawo, saboda sabuwar atamfata. Baƙo ya ɗebo ruwa, aka rangaɗa guɗa, ya ba ni alewa, ya shige mota.

Bayan kwana uku ruwan ya tsotse, Baba ya sauka kwashe laka. Inna tana tankaɗe muka ji wani irin gurnani daga ƙasa. Bangon ne ya rufta masa. Sai la'asar aka fito da shi. Aka binne shi, aka cike rijiyar, ba wanda ya taɓa shan ruwanta.

Ko baƙon ya san ruwan rafi ya ɗebo? Oho. Abin da ke ci na shi ne bai tambaya ba, ya kuma rataye hoton a ofishinsa har ya tsufa.

Da aka zo gasar ƙwallon duniya a ƙasar da muke, ni da autata muna yawo a bakin teku, na ga wani mai ban ruwan furanni ya ja tiyonsa gefe don baƙi su ɗauki hoto. Ba wanda ya ce ya matsa, ya riga ya koya. Na tsaya ina kallonsa har yarinyar ta gane, ta buɗe wayarta.

"Mama, wai ina Kaka a cikin hoton nan?"

Na nuna mata can gefe, inda wata gwiwar hannu mai taɓo ta ɗan leƙo.

"Ga shi nan," na ce. "Iyakar abin da suka bar mana ke nan."