Baffa Pargat da Baƙin Rini

Baffa Pargat Singh, wan mahaifina, shi ne mai gyaran tarakta a ƙauyenmu da ke bayan birnin Amritsar. Ƙato ne, idan ya bushe da dariya har tattabaru sai sun tashi. Matarsa ta rasu yana da shekara arba'in, ya reni 'ya'ya uku shi kaɗai. Tun yana saurayi ya ɗauki alkawarin addininmu na barin gashi yadda aka halicce shi, almakashi bai taɓa kusantar gashinsa ba.

Sai furfura ta zo masa da gudu.

Ranar bikin autarsa muka ga Baffa da gemu baƙi wuluk, yana sheƙi. Rini! Abin da mai alkawari ba ya yi. Ana tsakiyar rawa, ganga na tashi, ruwan sama ya kece. Baƙin ruwa ya bi farar rigarsa har gwiwa. Kakarmu ta riƙe ciki tana haki: "Pargat, ɗana, injin ne ya tsiyayo maka mai?"

Ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya tsaya masa a rai. Bayan kwana biyu ya hau bas, ya je Akal Takht, majalisar ƙoli ta addininmu da ke babban wurin ibada, ya tsaya gaban dattawa biyar hannu a haɗe, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Suka ce ya goge takalman masu ziyara kwana bakwai.

A rana ta uku wata bazawara, Swaran Kaur, mai juya miyar wake a madafin da ake ciyar da kowa kyauta, ta miƙo masa takalmanta. Ta tsura wa gemun ido: tushe fari, ƙasa baƙi. Ta kira shi da laƙabin girmamawa:

"Sardar ji, wanne ne naka a ciki?"

"Farin, Bibi. Baƙin shi ya kawo ni nan."

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Baffa kuwa ya goge takalmi ɗaya sau huɗu.

Kwana bakwai suka cika, aka yi masa addu'a a gaban Takht, aka zuba masa alewa mai ɗumi a tafin hannu, alamar an yafe masa. Ya fito yana hawaye yana murmushi. Washegari kuma sai ga shi a rumfar takalma, ba wanda ya sa shi.

Bayan girbin alkama aka ɗaura musu aure. A kan tarakta ya kawo ta gida, yana ta danna oda, mutanen ƙauye na binsu a guje.

Bana ya cika saba'in da biyar. Likita ya hana shi man shanu, Inna Swaran ta ɓoye tulun a cikin buhun shinkafa. Shekaranjiya na tarar da shi ya cusa kai cikin buhun, ita tana bayansa da ludayi, dariya ta hana ta dukansa.