Harafi Sittin na Kaka Magdalena

Juliet Enoch tana da irin aikin da ko mahaifiyarta ba ta iya yi wa maƙwabta bayaninsa. In an tambaya sai ta ce, "Kwamfuta take yi a Abuja," a wuce wurin. Gaskiyar magana, wani ɗan shago gare ta a Durumi, tsakanin mai gyaran waya da mai gwanjo, inda take haɗa wa mutane shafin intanet. Abin da ya fi ci mata rai a sana'ar kuwa wasu 'yan layuka ne da ake rubutawa can a saman HTML, wato rubutun da ake gina shafi da shi, inda idon mai karatu ba ya kaiwa. Meta tag ake ce musu. Su ne ke gaya wa Google sunan shafi da abin da ke cikinsa, su ne kuma ke fito da ɗan katin nan mai hoto da take in ka tura wa wani adireshin shafin a WhatsApp.

Taken ba ya ɗaukar abin da ya wuce harafi sittin ko kusa da haka. Duk abin da ya haura, datse shi ake yi a sa ɗigo uku. To, je ka gaya wa mutumin Abuja cewa sunansa sai ya shiga harafi sittin! Shekara shida Juliet tana wannan bayani har bakinta ya gaji. Wannan ya ce a fara da Alhaji, Dakta, Injiniya. Wancan ya ce Fasto kaɗai raini ne. Kafin a iso ga abin da mutum yake sayarwa, wuri ya ƙare.

A Yangoji, wani gari a yankin Kwali, aka haife ta, kakarta Magdalena ce ta raine ta. Tsohuwar nan ta fi shekara hamsin tana ginin tukwane. 'Yan kasuwa su zo da mota su kwashe, su jera a manyan shagunan birni, a ce "tukunyar Kwali ce," shi ke nan. Babu mai saye da ya taɓa jin sunan wadda ta gina. Bana hannunta ya soma rawa, ta ce randar da ta gasa kafin damina ita ce ta ƙarshe. Shi ya sa da ƙungiyar maginan tukwane ta garin ta nemi shafi, matan kuma suka yarda a sa babbarsu, Magdalena, a gaba, Juliet ta karɓi aikin da hannu biyu. Ta ce wa tsohuwar, "Kaka, duk wanda aka tura wa, sunanki zai fara gani, da randarki."

Sai dai ƙungiyar tana da shugaba, Zacharias Datti, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Bai taɓa cuɗa yumɓu ba, an zaɓe shi ne don ya iya Turanci da shiga ofis. Ranar Alhamis ya sauka a Durumi da takarda a hannu.

"Ga title ɗin, 'yata. Kar ki cire ko comma."

Juliet ta karanta: Barka da Zuwa Shafin Ƙungiyar Maginan Tukwane ta Yangoji, Ƙarƙashin Jagorancin Cif Dakta Zacharias Datti.

"Baba, wannan ba zai shiga ba. Kafin a kai ga sunanka ma an yanke."

"To ki juya shi, sunana ya zo gaba."

"Ai mata sun ce sunan Kaka za a sa."

"Protocol ne. Ko a coci, shugaba ake fara gaisarwa."

Ta yi bayani, ta sake yi, ta ƙirga masa haruffa da yatsa. Ko gezau. Da haushi ya kai mata wuya, sai ta yi abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta ce bari ya ga munin abin da idonsa. Ta sa sunansa da hotonsa a layukan, ta tura masa adireshin a wayarsa. Katin ya fito: fuskarsa ta cika wurin, rabin hularsa babu, taken ya tsaya a tsakiyar kalma, tukunya kuwa ko ƙyallinta.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zan yi tunani," ya fita.

Kafin ya kai tasha ta mayar da komai yadda ta tsara: Magdalena ta Yangoji, maginiyar tukwane, ga randar a hoto. Ta gwada, ya fito tsaf. Abin da ta sha'afa shi ne, katin da aka riga aka tura ba ya canzawa, kuma duk wanda ya sake turawa, tsohon katin yake yaɗawa. Cif kuwa tun a mota ya watsa nasa a zaurukan WhatsApp: zauren coci, zauren 'yan fansho, zauren ƙungiya, har 'yan kasuwar da ke sayen tukwanen.

Da katin ya dawo mata ta wani zaure, ta kira shi. "Baba, gwaji ne fa! Test!"

"Ai ya yi kyau. Mutane sai congratulations suke mini."

Ranar Asabar ta shiga motar Kwali da kunya da ɓacin rai. Ta tarar da kakar a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa.

"Sannu da gida, Kaka."

"Sannu da hanya. An nuna mini abin naku jiya. Zacharias ya yi ƙiba."

Juliet ta durƙusa, ta buɗe wayarta, ta nuna mata katin gaskiya. Ta karanta mata sunan a hankali, tana bin haruffan da yatsa. Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar, ta kawo ta dab da ido. Ta ɗauki lokaci tana kallon randarta.

"Ta fito da kyau," in ji ta. "Mutum nawa suka ga wannan ɗin?"

Juliet ta sunkuyar da kai.

"Ni da ke, Kaka."