Masa a Wayar Kawu

Shekarar da na gama hidimar ƙasa, ni da wata abokiyar karatuna muka haɗa 'yar manhajar sayen masa. Mata masu suya a Gwallaga da kewaye su sa hoton abin da suke da shi, kai kuma kana ofis ko kana gida ka zaɓa a wayarka, ɗan acaɓa ya kawo maka da zafinta. Daga baya masu alale da ɗanwake ma suka shigo. Ofishinmu shago ɗaya ne a bayan wani kemis, da teburi, da fanka mai ƙara, da labulen da mahaifiyar abokiyata ta ba mu aro ba ta ƙara tambayarsa ba. Mun yi wa manhajar nan kwalliya sosai. Ko'ina hoto, ko'ina 'yan zane-zane, rubutu kaɗan, don a ganinmu haka manyan kamfanoni suke yi.

Ina da kawu a Ƙofar Wambai, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin tarihi. Bayan ya yi ritaya hawan jinin ido ya tafi da ganinsa a hankali, har ya zama ko hasken ƙofa ba ya bambancewa. Bai zauna jimami ba. Ya koyi sarrafa waya da muryar nan da ke karanta wa makafi abin da ke kan fuskarta: ka ja yatsa ta faɗa maka inda kake, ka buga sau biyu ta buɗe. Ya ƙara wa muryar sauri har ni ba na gane abin da take cewa, sai ka ce ana gwanjo. Da ita yake sauraron labarai, da ita yake gardama da tsofaffin ɗalibansa a zaurukan hira. Tun da na shiga jami'a yake kirana Injiniya, kuma har yau ban san ko yabo ne ko tsokana ba.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe shi, na same shi a zaure kan darduma, ya jingina da bango. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, na ji labarin kin buɗe kasuwa a cikin waya. Kowa ya ci, ban da ni."

Na karɓi wayarsa na sa masa manhajar, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya rage saurin muryar don ni ma in ji, ya fara jan yatsa. Muryar da Turanci take magana. Ta ce, "Botin." Ya sake ja. "Botin." Ya sake. "Botin. Hoto. Botin."

Ya ɗago kai ya ce, "Masa kika ce kuna sayarwa, ko kayan tela?"

Na yi dariya, na leƙa in nuna masa inda masa take. Ya kare wayar da hannu ya ce a'a, shi ba ya son ɗan jagora a cikin wayarsa, na waje ma ya ishe shi. Ya ci gaba da bugawa yadda Allah ya nufa. Ba a jima ba muka ji acaɓa ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama, aka shigo da babbar kula. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta fito ta buɗe. Ɗanwake ne, ya sha mai da yaji, wanda zai ishi ma'aikatan gini. Kawu kuwa tun yana saurayi ba ya cin ɗanwake.

Ni da Inna da maƙwabta muka cinye. Shi yana gefe da shayinsa yana cewa, "Wato a shagonku sai an buɗe kula mutum zai san abin da ya saya."

Ranar Litinin na ba abokiyata labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta jawo kwamfuta. Matsalar ba ta da wuyar ganewa. Mai ido yana ganin zanen kwando ya san nan ne inda sayayyarsa take taruwa, yana ganin kibiya ya san komawa baya ne. Muryar ba ta ganin zane. Sai ka rubuta wa kowane abu sunansa a ɓoye a cikin ginin manhajar, sannan ta samu abin faɗa, in ba haka ba duk maɓallin da ta tarar "botin" kawai za ta ce. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna raɗa musu suna. Da muka gama, abokiyata ta ɗaure idonta da gyale ta kunna muryar ta gwada. Ta ɓata kafin ta isa ga miyar taushe, domin muryar tana tsalle daga saman shafi zuwa ƙasa ta dawo tsakiya. Muka sake jera komai yadda mutum zai ji shi a tsare. Mai kemis ya leƙo ya gan ta da ido a ɗaure tana magana da waya, ya koma shagonsa.

Daga nan zauren Kawu ya zama wurin gwajinmu. Duk gyaran da muka yi sai mu shiga keke mai ƙafa uku mu kai masa, shi kuma bai taɓa rasa abin cewa ba. Ni na rubuta bayanin hotuna, kuma na zage: masa fara sol, mai laushi, an jera ta a faranti mai kyau, ga miya tana tururi. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Injiniya, yunwa nake ji, ba waƙa na zo saurare ba. Ki ce masa da miyar taushe, ki wuce." Akwai kuma wani ɗan saƙo da ke fitowa ya ce an karɓi odarka, ya ɓace nan take. Mai ido ma sai ya yi sauri. Kawu bai taɓa sanin yana nan ba, shi ya sa wata rana ya yi odar abu ɗaya har sau da yawa yana zaton bai shiga ba. Muka sa saƙon ya tsaya sai an kore shi.

Abin da ya gagare mu shi ne bakin muryar. Hausa take karantawa da harshen Turawa, miyar taushe ta koma wani abu kamar sunan magani. Kawu ya saba, yana ganewa, amma ya ce abokansa da ba su yi boko ba ba za su gane ba. Sai abokiyata ta zauna ta naɗi sunayen abincin da muryarta, mutum ya taɓa ya ji da Hausa tsantsa. Ta yi ta maimaita "alale" har ta ce ta daina jin ma'anarsa.

Ana cikin haka muka lura da wata mai suya a hanyar Inkil. Duk wanda ya ci masarta sai ya yaba, amma oda takan daɗe ba ta amsa ba, 'yan acaɓa kuma suna ƙorafin ba ta ɗaga waya. Yayarta ce ta yi mata rajista, mu ba mu taɓa ganinta ba. Muka je da niyyar yi mata 'yar nasiha. Muka same ta a rumfa gaban tanda, mace mai fara'a, tana juya masa da hannu biyu. Wayarta na kan benci tana ta carar zakara, sautin da ni na zaɓa da kaina don ya fi tada mutum. Ba ta ko waiwaya ba. Kurma ce.

Ta yi makaranta, tana karatu da rubutu sarai. Muka zauna muna rubuta wa juna a waya, tana ba mu masa da zafinta. Ta ce takan leƙa wayar in ta tuna, amma mai suya ba ta cika tunawa ba. Muka koma muka sa wayar ta riƙa girgiza da ƙarfi, fitilarta tana walƙiya, muka kuma sa wa 'yan acaɓa gajerun saƙonni da za su taɓa maimakon kira: na iso, ina bakin titi, ƙara yaji. Ita kuma ta ɗinka wa wayar 'yar jaka ta ɗaura a ƙugu. Girgizar nan har masu ji suka ce a bar musu ita, domin hayaniyar Gwallaga ba ta barin kowa ya ji zakara.

Kawu ya zama babban mai sayen masarta. Da na ba shi labarinta ya ce lallai sai ya je ya gaishe ta. Wata safiya muka shiga keke, ni da shi da Inna, wadda ta ce ita ma tana son ganin matar da ta hana a ci abincin gidanta da safe.

Da muka isa Kawu ya tsaya da sandarsa ya jero gaisuwa, ya tambayi gida da aiki da gajiya. Ita tana kallon bakinsa tana murmushi. Ta mayar masa da maganar hannu, ta dafa ƙirji ta russuna, shi bai gani ba. Suka tsaya haka kowa ya gama gaisuwarsa. Ni ce ya kamata in yi tafinta, amma abin da na iya a maganar hannu bai wuce "na gode" ba.

Kawu ya nemi benci ya zauna, ya sa abin sauraro a kunne, ya ciro waya. Ya shiga wurin saƙo na manhajar yana lalubar haruffa a hankali. Can sai muka ga ƙugun matar ya ɗauki girgiza. Ta goge hannu ta duba, ta kalle shi, ta kalli Inna, ta toshe baki tana dariya. Ta rubuta amsa.

Kawu ya ji wayarsa ta motsa. Don ya nuna mana abin ya yi aiki, ya zare abin kunnen ya ƙara sauti ya ce, "To ku saurara."

Muryar ta karanto da bakinta na Turawa: "Na gode, Baba. Ba zan gaya wa Hajiya ka ce masata ta fi tata ba."

Na yi fatan Inna ba ta gane ba. Amma shekaru take kwana tana tashi da muryar nan a gidanta, ta fi ni jin yarenta. Ta dube shi ta ce, "Malam, haka ka rubuta?"

Ya ce, "Injiniya, akwai sauran gyara a manhajar nan."

Inna ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta naɗe hannun riga ta zagaya bayan tanda, ta ɗaga murfin robar ƙullu ta shinshina, ta ɗebo da ludayi ta tsiyayar tana kallon kaurinsa. Ta nuna shinkafa, ta nuna ruwa, ta ɗaga gira. Matar ta gane nan take, ta shiga nuna mata da hannu yadda take jiƙawa da yadda take haɗa dafaffiya da ɗanya. Ba su nemi waya ba, ba su neme ni ba. Ni da Kawu muka zauna a benci da faranti a tsakaninmu, yana tambayata me suke yi, ina gaya masa, har rana ta fara zafi mai keke ya dawo ɗaukarmu.