Anti Araba, Mai Duban Rufin Mutane

Ƙarfe shida da rabi na safe za ka same ta a bakin titin Kwesimintsim, jaka a kafaɗa, tana jiran motar haya. Ba ta shiga sai ta ga akwai kujerar bakin taga. Sauran fasinja suna latsa waya ko gyangyaɗi, ita kuwa Anti Araba Essuman idonta na sama, kan rufin gidaje. In ta hango wani abu yana ƙyalli a kan kwanon da makon jiya ba shi da komai, sai ta zaro ɗan littafinta ta rubuta sunan layin da kalar ƙofar. Kafin ta sayi kokonta da ƙosai a bakin ofis, ta riga ta san wanda za ta ɓata wa rai a ranar.

Shekara talatin da ɗaya tana aikin inshorar gidaje a nan Takoradi, ƙarshen watan nan za ta ajiye. Ba ta taɓa zama manaja ba. Mutanen gari na kiranta Anti Nuna-Min, don duk abin da ka faɗa mata, ko da rantsuwa ne, amsarta ke nan.

Lokacin da ɗauke wuta ya ishi kowa, aka shiga ɗora sola a kan gidaje, ita ce ta fara lura da wani layi a takardar inshora da ba mai karantawa. Duk wanda ya ƙara wani abu a jikin gidansa bai sanar ba, ranar da masifa ta zo kamfani na iya juya masa baya. Ba wanda ya aike ta faɗa wa mutane. Ta dai fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ranakun Asabar.

Haka ta isa gidan Egya Bentsil a unguwar Anaji, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. Ta tarar da shi a baranda yana cin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da kifi, fanka na kaɗawa a kansa alhali duk layin ba wuta.

"Egya, na ga an yi sabon abu a sama."

"'Yata ce ta aiko. Ko shi ma sai na nemi izininki?"

"Izini a'a. Amma ya kamata a sa shi a takardarka."

Ya tsame hannu daga kwano ya dube ta. "Wato a ƙara min kuɗi. Wanda ya haɗa min ya gaya min za ku zo. Ya ce rana ta Allah ce, ba ruwan inshora da ita."

"Yana da lasisi, shi mai wa'azin?"

"Har da hatimi."

"Nuna min."

Ya kawo takardar yana huci. Anti Araba ta juya ta gaba da baya, ta kira ofishin da ke ba masu aikin wuta lasisi, ta karanta musu lambar. Suka ce lambar ta wani ce a can arewa, kuma ya daɗe da barin sana'ar. Ta nemi tsani. Mace mai shekara hamsin da takwas ta ɗaure zani a kan wando ta hau, yaran layi da iyayensu suna kallo. A sama ta tarar an buga ƙusoshi kai tsaye cikin kwano, an ɗaɗɗaure sauran da wayar ƙarfe. Da ta sauko ta leƙa sito, ga batura huɗu jere da tukunyar gas.

"Sai an kwance an sake," ta ce.

"To, mun zo wurin. Wa za ki turo min? Nawa yake ba ki a kowane gida?"

"Ba zan ba ka sunan kowa ba, Egya. Ka nemo da kanka, ko ƙaninka ne. Ni dai in ga lasisinsa."

Ya kore ta, ya bi ta har bakin ƙofa yana kiranta 'yar kamasho, maƙwabta suna ji. Asabar ta gaba ta dawo, ya ƙi fitowa. A ta uku sai ta zo da tsakar rana, ta sami matarsa Maame Efuwa tana shanya. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta kama hannunta ta kai ta sito, ta ɗora mata tafin a kan wayar da ke shiga batura. Maame Efuwa ta janye da sauri don zafi, ta tsaya tana duban bangon, wanda bayansa ɗakin kwanansu ne.

"Je ki, 'yar'uwa," ta ce. "Bar ni da shi."

Cikin mako biyu aka sake aikin, aka shigar da solar a takarda. Egya Bentsil ya sa hannu bai dube ta ba, daga ranar kuma ya daina gaishe ta ko a coci.

Anti Araba, ke ce wadda aka zaga a gaban jama'a amma sai da kika je gidan sau uku. Ke ce ba a taɓa jin sunan wani mai haɗa sola a bakinki ba, duk da cewa da yawansu sun biyo ki har gida da buhun shinkafa.

Mako biyar bayan haka, wata Talata da la'asar a watan Yuni, iska ta taso daga teku gaban ruwan sama, ta yaye rufin gidaje tara a Anaji. Na Egya Bentsil na ciki. Da takardunsa suka isa babban ofis, sai aka fara zargi. Manajan reshe, Mista Kwansa, ya kira ta ya rufe ƙofa.

"Anti, ba ni nake tambaya ba, daga sama ne. Mutum ya shekara ashirin bai taɓa gyara takardarsa ba, sai mako biyar kafin iska? Ɗan'uwanki ne?"

"Ba na harka da masu aiko iska, ranka ya daɗe."

"Ana zargin bayan ɓarnar kika cike takardar, kika mayar da kwanan wata baya."

Aka ce ta zauna a gida har a gama bincike. Wata guda ta yi. Waɗanda suka je duba ta sun ce ta rame, ba ta ko son fita kasuwa, don labari ya riga ya zaga cewa an kama Anti Nuna-Min da maguɗi, kuma ba kowa ne ya yi baƙin cikin jin haka ba.

Ranar zaman bincike ta kawo hotuna da takardar injiniyan da ya sake aikin. Ana cikin juya su sai ga Egya Bentsil, ba wanda ya gayyace shi, matarsa na biye.

"An ce wai na haɗa baki da wannan matar," ya ce. "Ni da ita ko gaisuwa ba ma yi. Ku je layinmu ku tambaya, kowa ya ji abin da na kira ta. Ku tambayi ranar kuma, ranar sunan jikan maƙwabcina ne, akwai hotonta a kan rufina a wayar mutum goma."

Aka tura aka tambaya, aka tarar haka ne. Kamfani ya gyara masa rufinsa da solarsa, ita kuma ta koma kujerarta. Ba wanda ya ba ta haƙuri.

Akwai abin da ba ta son a tayar, amma jinjinar ba za ta cika ba sai da shi. Cikin gidajen tara akwai na Sista Baaba mai ɗinki, ƙawarta tun makarantar firamare. Sau biyu Anti Araba ta je mata kan maganar sola, sau biyu ana cewa ba ta nan, alhali ana jin ƙarar keken ɗinki. Bayan iskar, Baaba ta zo da hawaye tana roƙo a rubuta mata takardar da kwanan watan baya. Anti Araba ta ƙi. Ta bi ta coci-coci ana tara mata kwano da katako, ta ba da nata, amma hannu ba ta sa ba. Har yau Baaba in ta hango ta sai ta tsallaka titi. In an tambayi Anti Araba, cewa take yi kawai, "Da na koma sau na uku."

Cocinsu zai sa sola bana, an kuma ɗora ta kan kwamitin aikin. 'Yan kwangila uku ne suka nema. Da jin sunanta biyu suka janye, na ukun ta ce ya zo da takardunsa.

Anti Araba, mun gode. Mun zarge ki da kamasho, ofishinki ya zarge ki da maguɗi, kika ci gaba da hawa tsani. Akwai iyalai a garin nan da ke kwana ƙarƙashin rufin da ba su san ke kika tsare musu ba. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da za ku gaji teburinta, ku fita ku faɗa wa mutane abin da takarda ta ƙunsa tun gida na tsaye. Za a kore ku, za a ce kuɗi kuke nema. Ku koma.