Fayil ɗin Inna

Ina tuƙa wani Balarabe a Riyad lokacin da aka rufe asibitin sistoci na garinmu. Ƙanwata ce ta bugo ta faɗa mini, ina zaune cikin mota a bakin Unguwar Ofisoshin Jakadanci ina jiransa.

'Yan Katolika ne suka gina shi tun kakanninmu na da ƙarfi. Babban asibitinsu yana birni, ƙananan suna warwatse a ƙauyuka: na kutare, na haihuwa, sai namu mai ɗaki shida da rijiya a tsakar gida. Na kutaren aka fara rufewa, babu wanda ya yi kuka. Na haihuwa ya bi baya. Sistocin sun tsufa, masu maye gurbinsu ba su zo ba. Mu Musulmi ne gaba da baya, amma a can aka yanke wa kowannenmu cibiya, kuma Inna, mahaifiyata, ba ta yarda da allurar kowa sai ta wata tsohuwar sista mai faɗan tsiya.

Damuwata ɗaya ce: wa zai ci gaba da duba ta? Hawan jini kawai na san tana da shi.

Kafin su kulle ƙofa, sun raba wa kowa fayil ɗinsa ya kai birni. Na ce wa ƙanwata ta ɗauko mini hoton na Inna shafi-shafi. Ranar Juma'a na kai wa wani ɗan Najeriya, maƙwabcina a unguwar Gubaira, da ya taɓa aikin jinya. Ya daɗe yana shafa wayar yana karantawa.

"Malam, yaushe rabonka da gida?"

"Shekara huɗu."

"To nemi kafil ɗinka, wato ubangidanka, ya ba ka izinin fita. Ƙodarta ce, kuma an jima da ganowa."

A gefen wani shafi sistar ta rubuta da hannunta cewa mara lafiya ta roƙi kada a sanar da ɗanta. Na ji haushin matar nan ƙwarai. Har yau kuma ban san wanda ya riƙe wa Inna amana kamarta ba.

Na kira Inna. Ta bar ni na gama faɗana tas.

"Da na gaya maka ka taho, ka ga ina kwance," ta ce. "Ni kuwa so nake in riƙa jin muryarka kana dariya, ko daga nesa ne."