Sunan da ba na faɗi

Shekarar da aka rufe boda ne, bayan ruwan da ya cinye shinkafar Kaoje, kafin haƙorina na gaba ya faɗi. Jikana, wanda nake riƙo tun yaye, yana aji uku na sakandare. Ubansa, ɗana, ya ce in bai ci jarrabawar wannan zango ba, karatu ya ƙare, zai ɗora shi kan babur ya riƙa ɗauko kaya daga Benin ta hanyar daji. Na san yaran da suka bi hanyar nan suka dawo da ƙafa ɗaya.

Yaro ya ce ya ci, amma takardar sakamako ta ɓace. Na yafa gyale na tafi makaranta da kaina.

Na iske wani ɗan bautar ƙasa, mutumin kudu, Hausarsa duk ƙashi. Ya ce, "Mama, sakamako ba a nuna wa kowa, sai uwa ko uba ko mai riƙo. Ke wace ce?"

Na ce, "Matarsa."

Ya ajiye biro. Ya dubi furfurata, ya dubi ƙofa. Shi bai san kaka da jika miji da mata ne a wasa ba.

"To, mene ne sunansa?"

Nan aka zo wurin. Sunan maigidana marigayi aka sa wa yaron. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa a Illo sunan nan bai taɓa fita bakina ba, sai yau don wani mai wandon kaki?

Na ce, "Dogo ne, mai kunnuwa kamar faifai."

"Mama, suna."

"Sunan da ka sani, na wanda ya bi na farko a halifofi."

Yana ta zufa har hedimasta ya shigo, ɗan garinmu ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Inna, doka ce. Da, a fili ake kiran na ɗaya da na ƙarshe, yanzu sirrin yaro ne."

Na ce, "Lokacin da kai kake na ƙarshe ba a kawo dokar ba?"

Aka kira angon nawa. Na toshe kunnuwa, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya ce ni ke riƙonsa. Na dangwala yatsa. Hedimasta ya rage murya: ya ci, amma mutum ɗaya kawai ya bari a bayansa, shi ma ciwo ya yi.

Da yamma ubansa ya zo, ya tsuguna, ya ce, "Inna, wancan, yaya?" Shi ma ba ya faɗin sunan, ga shi sunan ubansa ne, ga kunyar ɗan fari.

Na ce, "Ya ci."

"Na nawa ya zo?"

"Sirri ne. Doka ce. In kana so, je ofis ka faɗi sunansa gaban mutane."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmansa. Yaro ya zauna makaranta har ya gama.

Hedimasta ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ɗan bautar ƙasa ban san inda ya faɗa ba. Ni da uban da mai kunnuwan muna nan.